Layar da Na Farke a Riyad

Ni ne na ce ta zo. Gara in fara da wannan, domin in ka ji labarin a bakin 'yan garinmu za su ce maka ƙaddara ce, wasu su ce dillalin da ya yi mata biza ne azzalumi. Ƙaddara gaskiya ce, dillalin kuma na bar shi da Allah, amma ni ne na ɗaga waya daga nan Riyad na ce wa Inna ta bar Auta ta taho. Auta ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyu da wani keken ɗinki da ya fi daɗewa a wurin mai gyara fiye da ɗakinta. Na ce mata shekara biyu ce kacal, aikin gida ne, shara da wanke-wanke, abin da take yi kullum a kyauta. Ba ta tanka ba sai da na ce, "Kuma za ki ga Ka'aba da idonki." Nan ta ce, "Yaya, da gaske?" Na ce wallahi ni da kaina zan kai ki.

Lokacin na shekara goma sha ɗaya ina tuƙa motar wani kamfanin wanki da guga. Ɗakinmu yana Utaiƙa, bayan kasuwar kayan gwari, mu huɗu a ciki, in ka buɗe taga warin ruɓaɓɓen tumatir ne zai fara gaishe ka. Aikina shi ne in shiga Unguwar Ofisoshin Jakadanci in kwaso labule da zannuwan gado da mayafan tebur, in mayar da su a goge. Unguwa ce mai katanga da shinge, amma ina da katin shiga, masu gadin ƙofa sun san fuskata har suna tsokanata, "Ya Najeri, ina goro?" Kullum sai na wuce ta gaban tutoci kala-kala, ban taɓa ɗaga kai na dube su ba.

To, a gidanmu akwai wata laya. Faɗinta ya kai tafin hannu, fatar ta yi baƙi ta yi sheƙi saboda gumin waɗanda suka ɗaura ta kafin mu. Daga kakan Inna ta fito. Shi wannan tsoho yana saurayi ya bi ayari ya tafi hajji da ƙafa. Sun tsallake Bahar Maliya, saura kwanaki kaɗan su shiga Makka, guzurinsa ya ƙare, wani ya ce ya zo ya ba shi aikin jan ruwa. Ashe sayar da shi ya yi. Aka yi ta miƙa shi daga hannu zuwa hannu har bakin tekun da ke ɗaya gefen ƙasar Larabawa, aka cusa shi cikin jirgin katako, a ƙarƙashin buhunan dabino, aka haye da shi ƙasar Farisa, wani gari da yake kira Bandar. Ya yi shekaru a can yana dakon kaya a bakin ruwa, bayansa duk tabo. Wata rana ya ji bayi 'yan'uwansa suna raɗa cewa akwai gidan wani Baturen Ingila mai tuta a tsakar gida, duk bawan da ya ruga ya rungumi sandar tutar, ubangidansa ba shi da ikon ɓamɓare shi. Sai ya yar da kayan da ke kansa da rana tsaka ya zuba da gudu. Suka bi shi, suka yi ta tsula masa bulala yana rungume da sandar, bai saki ba har Baturen ya fito.

In Inna ta zo nan a labarin sai ta miƙe ta rungumi ginshiƙin rumfarmu ta runtse ido, mu kuma mu yi ta ƙyalƙyala dariya, Auta tana jan zanenta tana cewa ita ce ubangidan. Tsohon ya dawo gida bai yi hajji ba, ko Makka bai gani ba, amma har ya mutu Alhaji ake ce masa, ba wanda ya iya buɗe baki ya hana shi sunan. Layar kuma ta zama ta matafiya. Duk wanda zai yi nisa a zuriyarmu shi ake ɗaura wa, kuma ba a buɗe ta, don an ce laya in aka farke ta ta mutu. Ranar da zan taho Saudiyya Inna ta ɗaura min ita a damtse da hannunta.

Da Auta za ta taso, Inna ta ce min a waya, "In ta sauka ka kwance ka ba ta. Kai ka riga ka san gari, ita ce baƙuwa." Na ce to.

Daga filin jirgi kai tsaye aka wuce da ita gidan kafilinta, wato mutumin da zamanta a ƙasar yake hannunsa, a unguwar Badi'a. Sai bayan mako uku aka yarda in je in gan ta, a bakin ƙofa, a tsaye, matar gidan tana leƙe ta taga. Auta tana ta murmushi, tana tambayata yaushe za mu Makka. Layar tana damtsena a ƙarƙashin riga, ina jin nauyinta. Ban kwance ba. Na ce a raina ni ne nake yini a kan titin Riyad inda yara ke tuƙi kamar aljanu sun biyo su, ita kuwa tana cikin gida, me zai same ta a cikin gida? Tsoro ne da son kai, ba wani abu ba. Na yi mata sallama na shiga mota da layata.

Wata na farko tana kira duk Juma'a. Daga nan ya koma sau ɗaya a wata, daga nan ɗif. Na je gidan, maigidan ya fito ya ce tana lafiya, aiki ya yi mata yawa ne, ya rufe ƙofa. Na sake zuwa, ya ce in ya ƙara ganina zai kira 'yan sanda. Ni mutum ne mai zafin rai, duk Utaiƙa an sani, amma a ƙasar nan zafin ranka a aljihu kake sa shi tare da katin iƙamarka, wato izinin zama. Na haɗiye, na koma mota.

Shekara biyu ta cika, ta wuce da wata biyar. Ran nan ina lodin kaya wata baƙuwar lamba ta kira ni. Muryar Auta ce, ƙasa-ƙasa. 'Yar aikin maƙwabta ce ta miƙo mata waya ta kan katangar saman bene, inda suke shanya. Ta ce sun karɓe wayarta tun bara, fasfo ɗinta yana wurin maigidan, gida uku take yi wa aiki, nasa da na uwarsa da na ƙanwarsa. Ta ce man girki ya ƙona mata hannu, ba a kai ta asibiti ba. In ta ce wa'adinta ya cika sai a ce mata gobe. Ta ce, "Yaya, ni na haƙura da Makkar. Ka mai da ni wurin 'ya'yana."

Wayyo Allah. Na zauna a bakin motar.

Abu ɗaya ake barinta ta fita yi, zubar da shara a wani babban kwandon ƙarfe da ke kan kwana, da safe bayan an tafi da yara makaranta. Na fara karkata hanyata ta Badi'a, in tsaya nesa in kashe mota. Rana ta uku na gan ta. Da ba don tafiyarta ba, irin ta Inna, da ban gane ta ba. Abayar ta yi mata yawa kamar an rataye a ƙusa, hannun dama a naɗe da tsumma, da hagu take jan leda. Ta jefa, ta tsaya ta dubi titi, hagu da dama, ta koma. Na cusa hular kaina a baki don kada in yi ihu.

A makon ne Inna ta tambaye ni, "Wai layar nan tana jikinta kuwa?" Na ce, "Tana jikinta, Inna." Ta ce, "To alhamdu lillahi, ba abin da zai ci ta." Na yi wa uwata ƙarya tana sa min albarka.

Ban zauna ba. Na je ofishin jakadancin ƙasarmu, wani ma'aikaci mai haƙuri ya saurare ni har na gama kumfar bakina, ya taimaka aka shigar da ƙara a inda ake shigarwa, aka ba mu ranar zama, mako shida a gaba. Ya riƙe hannuna ya ce, "Alhaji, abu ɗaya zan roƙe ka. Kada ta fita daga gidan nan kafin ranar. In ta fita, kafili zai rubuta mata hurub, wato ta gudu, daga nan ita ce mai laifi, ba shi ba." Na ce na ji. Mako shida! Mai hannu a wuta ake ce wa ya jira mako shida.

Sai wata dabara ta zo min. Tunda laya rubutu ce, me zai hana a kwafi abin da ke cikinta a 'yar ƙaramar takarda, a naɗe, 'yar aikin maƙwabta ta miƙa wa Auta ta katanga? Ka ga ita da tata, ni da tawa. Har a lokacin ban yi niyyar rabuwa da ita ba, tir da hali irin nawa. Akwai wani ɗalibi Bazazzagi da ke karatun tarihi a jami'a, yakan zo Utaiƙa ranar Juma'a ya sayi yaji da kuka, mu yi salla tare. Malam muke ce masa duk da ya girme wa ɗana da kaɗan ne kawai. Na ja shi ɗakinmu bayan an sauko daga masallaci, na gaya masa buƙatata. Ya ce shi ba ya rubutun laya. Na ce ban ce ka yi imani da ita ba, kwafa na ce ka yi. Na sa reza na farke ɗinkin.

Fata ce a kan fata, sai wani ƙyalle da ya zama kamar toka, sai takarda a ninke, ta yi ja kamar an jiƙa ta a shayi. Malam ya buɗe ta da bakin farce. Ba aya ko ɗaya a ciki. Rubutun boko ne a gefe guda, na Larabci a ɗaya gefen, da hatimi mai kambi a sama, da wata 'yar tuta da ta kusa gogewa.

Malam ya karanta ta gaba da baya. Can ya ce, "Alhaji, ka san abin da kuke ɗaurawa shekara da shekaru? Takardar 'yanci ce. Ta kakanku ce. Ga sunansa, ga kamanninsa, har tsagen fuskarsa sun rubuta. Abin da take cewa shi ne mai ɗauke da ita ɗa ne, ba wanda ke da ikon taɓa shi."

Ashe tatsuniyar Inna ba tatsuniya ba ce. Ashe da gaske an yi sandar, an yi Baturen.

Malam kuwa an taɓo masa inda yake masa ƙaiƙayi, sai ya gyara zama ya fara karatu. Ya ce a wancan zamani Turawan Ingila ne ke riƙe da tekun, jiragen yaƙinsu suna sintiri. Jakadunsu sun yi shekaru suna matsa wa sarkin Farisa lamba, yau lallashi gobe barazana, kan ya hana mutanensa fataucin bayi. Ya yi ta jan ƙafa, daga baya ya yarda ya hana shigo da su ta ruwa, ta ruwa kawai, ta tudu ba ruwansa. Aka ci gaba da ja-in-ja har aka ba Turawan damar tare jiragen Farisawa su bincika. Fatake kuma suka koyi wayo, su sauya tuta, su bi gaɓa da ƙananan jirage, su danne mutane a ƙarƙashin kaya. Ya ce, "Kada ka ɗauka don Allah kawai suka yi. Hanyarsu ta zuwa Indiya suke tsarewa, kuma su ɗin ne dai suka zo suka ci ƙasarmu da bindiga. Mu ma kuma kada mu yi baki, a lokacin ana sayar da mutane a kasuwanninmu. Sannan ba duk wanda ya kama sandar ba ne ya tsira. Wasu an yi musu tambayoyi an mayar da su hannun iyayengijinsu. Kakanku ya taki sa'a ne."

Na ce, "Amma dai hatiminsu ne?"

Ya ce, "Nasu ne."

Na ce, "Kuma ba su rubuta ranar da za ta daina aiki ba?"

Ya dube ni, ya ajiye takardar. Ya ce, "Alhaji, don girman Allah, me kake saƙawa? Wannan zamani ya wuce. Wannan takarda ta mutum ɗaya ce, kuma ya rasu. Ka jira ranar zamanku." Na ce haba Malam, tambaya ce kawai. Duk karatun da ya yi min, abu biyu ne suka zauna a kaina, sanda da hatimi. Ofishin masu wannan hatimi kuwa na san shi, ina wucewa ta gabansa sau uku a mako.

Da an bar ni haka, wataƙila da na jira. Amma ranar Litinin baƙuwar lambar nan ta sake kira. Auta tana kuka har numfashinta yana sarƙewa. Takardar ƙara ta iso gidan, maigidan ya fusata. Ta ji suna magana cewa ranar Alhamis za a kai ta wurin wani ɗan'uwansu mai gona, can wani ƙauye da ko sunansa ba ta iya faɗa ba, ta zauna a can sai abin da hali ya yi. Ta ce, "Yaya, in suka kai ni can ba mai sake jin labarina. Ba katanga, ba maƙwabta, ba waya."

Daga hannu zuwa hannu. Abin da ya faɗo min ke nan, muryar Inna tana ba mu labarin kakanta. Na kira ma'aikacin ofishinmu, aka ce ya yi tafiya sai Lahadi. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Na ce mata, "Jibi Laraba, in kin fito zubar da shara, kada ki koma. Za ki ga motata. Kin tuna sandar kakan Inna? Tana nan a garin nan, na san inda take." Ta ce, "Yaya, ka tabbata?" Na ce na tabbata. Kamar yadda na tabbatar mata da Ka'aba.

Ranar Laraba da hantsi ta fito da ledarta. Na buɗe bayan mota, ta jefar da ledar ta faɗo ciki, silifas ɗinta ɗaya ya zame a titi ba ta waiwaye shi ba. Na ce ta kwanta, na jibga mata buhunan labule a kai na rufe. Sai da na tayar da mota na tuna da buhunan dabinon da aka cusa kakan Inna a ƙarƙashinsu. A ƙofar unguwar mai gadi ya karɓi katina, ya leƙa bayan motar ta gilashi, ya ga kayan wanki kamar kullum. Ya ce, "Ya Najeri, yau ma ba goro?" Na yi masa wata dariya da ni kaina ban san daga inda ta fito ba, ya ɗaga shinge.

Na tsaya ɗan nesa da ofishin, don ba a barin mota ta matsa. Na fito da Auta, ta jiƙe sharkaf da gumi, ƙafa ɗaya ba takalmi, kwalta kuma ta fara zafi. Na kama hannunta mai lafiya muka ruga. Muka wuce tubalan kankare, muka iso jikin katanga. Katanga ce doguwa, da waya a samanta, da ƙofar ƙarfe, da wani ɗan ɗaki mai gilashi mai kauri. Shekara goma sha uku ina wucewa ta nan, ban taɓa tambayar kaina ta wane gefen katangar sandar take ba.

Auta ta ce, "Yaya, ina sandar?"

Na nuna mata sama. Tutar tana can ciki, tana kaɗawa, kan sandar kawai ake hangowa daga inda muke. Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo. Ta ce, "To ta ina zan kama?"

Wallahi da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige. Ita da kanta ta juya ta rungumi ƙarfen ƙofar da hannu biyu, har da mai ƙunar, ta manna goshinta, ta runtse ido, daidai yadda Inna ke yi da ginshiƙin rumfa. Masu gadi suka taso suna daka mana tsawa. Ni kuma na zaro takardar ina ɗagawa sama, ina ihu da Larabci da Turanci da Hausa duk a cakuɗe, ina cewa hatiminku ne, alkawarinku ne, ga jikarsa nan ta kama, ku fito ku cika! Mutanen da ke layin biza suka ja da baya suna kallon mahaukaci.

Wata mata ce ta fito daga ciki, Baturiya mai furfura, Larabcinta ya fi nawa. Ta sa aka daina jan Auta, aka kawo kujera da ruwa, amma Auta ta ƙi sakin ƙarfen. Matar ta karɓi takardar da hannu biyu, ta karanta har ƙasa, ta sake karantawa. Na ga idonta ya kawo ruwa. Ta tambaye ni wane ne mai takardar, na ce kakan uwarmu ne. Ta shiga ta fito da wata leda mai kauri irin ta adana takardu, ta zura ta a ciki a hankali, ta ce iska tana cinye ta. Raina ya ɓaci, na ce, "Baiwar Allah, takarda kike ji wa tausayi? Ga mutum nan!" Ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Na gan ta. Da ina da ikon da mai wannan hatimi yake da shi, da na buɗe mata ƙofar nan yanzu. Ba ni da shi. Wannan ƙasar mutane ce, da dokarsu, ita kuma 'yar ƙasarku ce. Abin da zan iya shi ne in kira ofishinku, in tsaya tare da ita har su zo." Kuma ta yi hakan, ta tsaya a rana tare da mu. Ba ta yi mana laifin komai ba, na daɗe ina neman laifinta ban samu ba.

Kafin azahar kafilin ya riga ya rubuta hurub. Jami'an tsaron unguwar suka zo, suka nemi iƙamarta, babu, tana wurin maigidan. Ni ne na ɓamɓare yatsun Auta daga jikin ƙarfen, ɗaya bayan ɗaya, don kada wani namiji ya taɓa ta. Tsumman hannunta ya manne da ƙarfen, da na ja sai jini ya biyo. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma dube ni ba.

Ni kwana biyu na yi ana min tambayoyi, mai kamfaninmu ya zo ya fitar da ni, aka karɓe katin shigata unguwar har yau. Ma'aikacin ofishinmu ya dawo ranar Lahadi, ya dube ni, ya ce, "Alhaji, ba na roƙe ka ba?" Bai ƙara ko kalma ba, da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Ranar zaman da muke jira ta zo ta wuce, mai ƙara ta zama wadda ta gudu. Garin neman gira na rasa ido. Sai dai har gobe in na kwanta ina juya abin, da na jira, da ranar Alhamis ta same ta a gidan nan, ina za a je a nemo ta ranar zaman? Malam ya ce wataƙila da an tilasta masa ya kawo ta. Wataƙila. Ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba.

Wata huɗu ta yi a gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu. Inna tana kira tana cewa, "Ba komai, layar tana jikinta," ni kuma ina cewa haka ne. Da ranar tafiyarta ta matso aka yarda in kai mata jaka. Na sa atamfa biyu, da takalma, da dabino na yara, na zura takardar kakan Inna cikin ledarta a tsakanin kayan. Aka fito da ita, tebur a tsakaninmu, wata ma'aikaciya tana bincika jakar. Yatsu biyu na hannun Auta sun ƙage, ba sa miƙewa. Da ta ga ledar sai ta zare ta da hagu.

Na ce, "Auta, taki ce. Tun ranar da kika sauka Inna ta ce in ba ki, ban ba ki ba. Ki yafe min."

Ta ce, "Na sani, Yaya. Na ga tudunta a hannun rigarka ranar da ka zo ƙofar gidan."

Ta nuna min wata farar takarda da aka ba ta, mai hotonta da zanen yatsunta, ta fita daga ƙasa. Ta turo min ledar ta kan tebur. Ta ce, "Ni an ba ni tawa. Ka riƙe wannan, kai ne ba ka fita ba tukuna."

Ta isa gida lafiya. Ba ta gaya wa Inna gaskiyar layar ba, ta ce ta bar min ne don ina kan titi. Ɗinki ya gagare ta saboda hannun, ƙuli-ƙuli take sarowa tana sayarwa a zaure. An hana ta komowa Saudiyya, amma wasu sun ce in don hajji ne za a bar ta ta sake shigowa. Ni dai abin da na sani, 'yarta ta gaya min ko ƙarar jirgi Auta ta ji a sama sai ta shige ɗaki. Takardar tana nan cikin akwatina a Utaiƙa, fatar tana gefe, ban sami badukun da zai mayar da ita ba, ban kuma nema ba.

A garinmu duk macen da ta dawo daga Saudiyya sunanta ya sauya. Yara da manya, har limamin unguwa, kowa Hajiya yake ce wa Auta, kuma tana amsawa. Ranar sallar bara na kira ta, bakina ya suɓuce na ce, "Hajiya, barka da salla." Ta ce, "Yaya, kowa ya faɗa. Kai kada ka ƙara."